Littafin Shanun Maikano

Ranar kasuwar garin Sara ce Turai ta fara ganinsa, kuma da faɗa ta zo. Ta dire ƙwaryar nono a bakin rumfar da ake ajin yaƙi da jahilci, ta ce, "Kai ne Malam Ƙasimu da aka turo daga Birnin Kudu?"

Ya juyo daga allo, alli ya kusa suɓuce masa. "Ni ne."

"Jiya ka tsayar da babana gaban mutane ka ce ya karanta, aka yi masa dariya. Maikano bai taɓa sunkuyar da kai a garin nan ba sai jiya. Haka aka koya maka koyarwa?"

Ƙasimu ya ajiye allin. Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, ya bi ta da ido har ta ɓace cikin mutane.

Duk ranar kasuwa sai ya je ba ta haƙuri. A mako na huɗu ta yi murmushi. Ya raɗa mata suna Alƙaliya, ita kuma take ce masa Malamina. Da ya tura kawunsa neman aurenta, Maikano ko tabarma bai shimfiɗa ba.

Shekarar 1973 ce. Damina ta gaza, ga ciwon huhu na shanu yana matsowa gari bayan gari. An ce a Surko garke biyu sun ƙare. Ungulu ta fara yawa a kan kukar bakin rafi.

Sai aka manna takardar gwamnati a kasuwa. Ɗanbala, mai sayar da maganin dabbobi, wanda shi ma yake son Turai, ya yage ta ya kai wa Maikano.

"Baba, cewa aka yi a kai shanu Gwaram. Duk wadda ta yi tari harbe ta za a yi. Malamin nan kuwa shi ne idonsu."

Turai ta yi aji huɗu a firamare, ta karɓa ta duba. "Baba, allurar rigakafi ce kawai."

"Ke son malamin kike yi, Ɗanbala kuma son ki yake yi," in ji Maikano. "Kowa karanta mini abin da ke ransa yake yi. Ba inda shanuna za su."

Da labari ya kai wa Ƙasimu, ya sako takalmin roba ya iske Maikano a makiyaya da sassafe. Ya durƙusa.

"Baba, na yi maka laifi. Ban zo da allo ba. Zuwa na yi ka koya mini shanu."

Maikano ya yi masa kallon sama da ƙasa, ya ci gaba da tafiya. Bai kore shi ba.

Kwana uku Ƙasimu yana binsa. Ya lura dattijon ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya son a tambaye shi gaban kowa, amma daga nesa yana bambance saniya da saniya ta lanƙwasar ƙaho. Rana ta huɗu ya zana harafi a ƙasa da sanda.

"Baba, wannan ƙahon wace ce?"

Maikano ya ɗan tsaya. "Gudale ke nan, wadda nata ya karye."

"Sunan harafin G. Da shi sunanta ya fara."

Dattijo ya karɓi sandar ya zana nasa, ya yi sauri ya shafe da ƙafa.

Ƙasimu ya riƙa rubuta sunayen shanun a wani ɗan littafi. Ɗanbala ya gani, ya garzaya wajen Turai. Da yamma ƙawarta Batulu ta kawo wa Ƙasimu wasiƙa:

"Malamina, an ce sunayen waɗanda za a harbe kake rubutawa. Na ga littafin da idona. In gaskiya ne, kada ka ƙara kirana Alƙaliya."

Nan take ya rubuta amsa:

"Alƙaliyata, littafin karatun Baba ne. Ba ya son na aji, shi ya sa nake yi masa nasa da abin da yake ƙauna. Kada ki nuna kin sani, zai ji kunya ya daina. Ki yi mini adalci kamar kullum."

Ta karanta sau uku, ta yi kuka, ta riƙe sirrin.

A mako na biyar da fara karatun Gudale ta fara tari. Bayan kwana biyu ta kwanta ba ta tashi ba. Wasu uku suka bar cin ciyawa. Mutane suka fara cewa malamin ne ya kawo ciwon, samari suka tare shi da sanduna a hanyar rafi.

Maikano ya iso, ya daka musu tsawa. Ya zaro takardar nan daga aljihu, ta yi laushi don ninkewa. Ya ɗora yatsa, gumi na zubo masa.

"A... llu... ra. Ri... ga... ka... fi."

Ya bi layin har ƙasa, ya sake komawa sama. Ya ɗago ya nemi Ɗanbala cikin taron. "Ina harbin da ka ce?" Ɗanbala ya sulale.

Washegari Ƙasimu da Maikano suka kora garken zuwa Gwaram, wasu makiyayan suka biyo baya. Shanu bakwai na Maikano sun mutu, sauran suka tsira. A hanyar dawowa dattijon ya yi gyaran murya.

"Ka ce wa kawunka ya dawo."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya Birnin Kudu, Maikano ya dafa kanta.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu haƙuri irin na mijinki."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Daga cikin mayafi Turai ta lalubo hannun Batulu ta matse, tana dariya hawaye na zuba.