Ramin da ke Ƙarƙashin Motar Uwar Mota

Gab da magariba Uwar Mota ta shiga filin ajiye manyan motoci, da kwali a hammatarta, ɗanta direba yana biye yana hamma.

Tun rasuwar mijinta ta samu wannan suna. Babbar mota guda ya bari, ita ce cinsu, ita ce shansu. Dillalai sun zo har sun gaji, ta ce ko taya ba za ta sayar ba.

To sai motar ta tsiro da ciwo. In an tada ta da safe, inji ya yi ta ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar kwano, allurar agogon baƙin mai kuwa tana kwance, sai ta ga dama take tashi. Bakanike ya sake filta. Ya sake agogo. Ya kafa sukudireba a jikin inji, ya kara kunne.

"Hajiya, famfon da ke tura mai lafiya lau. Amma kullum mai na raguwa, kuma ba ta hayaƙi."

"To sha nake yi?"

"Ni na isa? A bar ta yini guda kar a tada, ta yi sanyi ƙalau. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin inji, da safe mu ga inda take ɗiga. Kuma ko waye ya tada ta, kar ya taka totur sai allura ta miƙe. In ba haka ba, injin ya buga."

Shi ne aka bar ta. Yinin ranar ba a fita ba.

Motar tana can ƙarshen fili, a kan tsohon ramin juyen mai da aka daina amfani da shi. Babu direban da ke son wurin. Ita ta tsaya ta yi ciniki da mai gadi har ya sallama mata kusan kyauta, ta daɗe tana alfahari da hakan.

"Inna, kawo kwalin in saka."

"Kai? Ka ajiye a karkace, gobe a ce mu sake yin asarar yini? Hau ka ɗauko min tocila."

Ya hau gaba. Ita ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara.

Ƙarƙashin motar duhu ya riga ya sauka. Warin tsohon mai, da wani wari kamar na rigar da ta kwana a jiƙe. Katakan da aka rufe ramin da su sun ruɓe, ɗaya babu. Ta tura kwalin.

Sai ta ji ana tsotsa.

A hankali. Tsut. Tsut. Sannan haɗiya.

Ta ce ɓera ne. Ta ƙara turawa. Kwalin ya zame daga yatsunta, ya shige ciki shi kaɗai, kamar an karɓa.

Tsotsar ta tsaya.

"Yau ba ɗumi," in ji wata murya daga ramin, ƙasa-ƙasa, kamar ta tsohon da ya gaji da ƙorafi. "Kullum ɗanki na kawo ta da ɗumi."

Addu'ar da ta sani tun tana yarinya ta nemi farkonta ta rasa.

Wani abu ya kama wuyan hannunta. Santsi gare shi, da sanyi. Yatsun sun zagaye hannun har sun haɗu sun wuce.

"Ke kina da shi."

Ta ji ɗumin jikinta na sauka ta hannun, kamar an kwance noti. Kafaɗa ta mutu. Haƙoranta suka fara haɗuwa.

Ta dafa taya da ɗaya hannun, ta tokare ƙafa, ta fizga. Bai saki ba.

"Innalillahi," ta ce, da ƙyar. Ta sake fizga.

Santsin man ne ya cece ta. Hannun ya sulɓe, ta faɗi da baya. Ta rarrafa, ta kama ƙofa, ta haye.

"Tada."

"Inna, ai bakanike cewa ya yi..."

"Tada, don ubanka!"

Ya murɗa makulli. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Allura kwance.

Wani abu ya shafi ƙasan motar, daga gaba yana tahowa, daidai ƙarƙashin ƙafafunsu. Yanzu shi ma ya ji. Ya dube ta.

"Allura ba ta tashi ba," ya ce da raɗa. "Babu mai a ciki."

Ta sani. Ta dubi sitiyarin da tafin mijinta ya goge har ya yi sheƙi.

Tabarmar robar da ke ƙasa ta fara ɗagowa.

"Taka."

Ya taka. Motar ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba, ƙarfe na cin ƙarfe. Ta yi gaba tana tangaɗi, ta wuce layin tireloli, ta wuce ɗakin mai gadi. A bakin get wani abu ya ce ɓas a cikin inji, komai ya yi tsit. Suka dira, suka ruga ba waiwaye.

Da safe bakanike ya kwance ƙasan injin. A bushe ƙamas, kamar an lashe. Ƙarafan ciki sun narke sun manne. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga fuskarta, ya fasa.

Masu sayen ƙarfe suka ja motar. Ɗan ya koma tuƙa ta wani, sai ƙarshen mako yake kwana gida. Uwar Mota ta koma sayar da sabulu a ƙofar gida, ba ta cika magana ba. Wuyan hannunta na dama da baƙin zobe, ta goge da kalanzir har fata ta ɗaye, yana nan. Jikarta mai rarrafe takan zo da murna, ta haye cinyarta. Amma in ta miƙo wannan hannun, sai yarinyar ta tsaya cak, ta ƙura wa bayan kakarta ido, ta fashe da kuka.