Tambayar da Nasiha Ta Yi da Hannu

Ranar da Sharifa ta fara zuwa gaida dangin saurayinta Jalilu a unguwar Nima, an shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, aka ajiye mata tuwon zafi da miyar ayoyo, aka ce ba za ta tashi ba sai ta ga gindin kwano. Mahaifiyar Jalilu, Hajiya Barikisu, mai shagon atamfa ce a kasuwar Nima, mace mai faɗa a ji a gidanta da ma layinsu baki ɗaya. Ta ƙare wa baƙuwar kallo tun daga gyale har takalmi, sannan ta juya ta ce wa babbar 'yarta Fauzia ashe yaron nan yana da ido.

Jalilu kayan gyaran mota yake sayarwa a unguwar Abossey Okai. Sharifa kuwa a laburare take aiki, amma ba ta cikin masu wuni a bayan tebur. Ita ce ke tsara abin da za a yi wa jama'a a rassan laburaren da ke unguwannin Maamobi da Nima da Madina: karatun yara, ajin kwamfuta na matan kasuwa, hirar tsofaffi. Kullum tana cikin motar haya ta trotro da jakar littattafai, tana bin masallatai da makarantu da shagunan tela tana gayyato mutane. A irin wannan yawon ne ta je Abossey Okai neman masu koyon kanikanci, Jalilu ya ce mata su a nan sifana suke karantawa. Ta tambaye shi ko ya taɓa gwada wani abu ban da sifana. Daga wannan tambayar zance ya yi tsawo har ya kai ga maganar aure.

Tambaya kuwa halinta ce tun tana ƙarama. Shi ya sa ko a ranar, tana cin tuwo idonta na yawo. A bayan randar ruwa ta hango wata yarinya 'yar kimanin shekara bakwai tana leƙenta. Sai murfin tukunya ya suɓuce wa Fauzia ya daki siminti, kowa ya zabura, har kaji suka watse, amma yarinyar ko gezau. Da Sharifa ta ɗaga mata hannu kuwa, nan take ta yi murmushi, ta nuna ɗan kunnenta, ta nuna na Sharifa, ta jinjina yatsa. Sharifa ta tambayi ko 'yar wa ce. Fauzia ta ce tata ce, sunanta Nasiha, kunya ce da ita. Hajiya ta yi maza ta kawo zancen tsadar atamfa.

A hanyar rakiya Jalilu ya faɗa mata gaskiya. Zazzaɓi mai zafi ne ya kama Nasiha tana goye, tun daga nan ba ta ji, ba ta kuma yi magana ba. An je asibiti, an sha rubutu, an yi hayaƙi, har aka gaji aka bar wa Allah. Ba ta zuwa makaranta, idan an yi baƙi a ɗaki ake ajiye ta, saboda yaran layi sun taɓa bin ta suna kwaikwayonta, Hajiya ta rantse ba za a sake yi wa jikarta dariya ba.

Sharifa ta tsaya cak a bakin titi. Ta ce ai kowace Asabar a reshen Maamobi akwai tatsuniya da maganar hannu, malamar ma, Anti Rabi'atu, kurma ce, kuma yara irin Nasiha sun kusa cika ɗaki. Ita da kanta ta bi gida-gida ta zaƙulo su. Jalilu ya ce ya ji, amma ta bi a hankali, wannan wuri ne mai ciwo a gidansu.

Ba ta bi a hankali ba. Zuwanta na gaba ta tarar da ƙawayen Hajiya na kasuwa sun cika tsakar gida ana shan koko da ƙosai. Ɗokin abin ya rufe mata ido, bayan gaisuwa ta fara bayani a gaban kowa, cewa kurmanci ba iska ba ne, Nasiha tana da kai sosai, zama a ɗaki ne kawai ke tauye ta. Wasu daga cikin matan ma ba su san yarinyar ba ta ji ba.

Hajiya ta ajiye kofinta a hankali.

"'Yan mata, ko goro ba a kai gidanku ba, har kin fara baje mana kayan cikin ɗaki a gaban jama'a? Idan kin shigo kuma sai a rediyo za mu ji kanmu ke nan."

Fauzia ta shige ɗaki tana share ido. A ranar Hajiya ta aika wa kawun Jalilu cewa a dakatar da kai goron tambaya har sai ta yi magana.

Sharifa ta yi kuka tun daga Nima har gida. Mahaifiyarta ta bari sai da ta yi mai isarta, sannan ta ce gaskiya ta faɗa, amma a tsakiyar kasuwa ta faɗe ta, kuma ko magani ne aka watsa wa mutum a fuska sai ya kare idonsa. Ta sa ta koma ta durƙusa ta ba da haƙuri. Hajiya ta amsa gaisuwar a daƙile, ta ce ya wuce, amma ba ta ce a kai goro ba.

Jalilu ya kira ta ya ce ba zai tsallake maganar mahaifiyarsa ba, ba kuma zai nemi wata ba, ta ba shi lokaci. Ƙawayenta suka ce ta rabu da gidan da surukar ke riƙe da igiya tun kafin a ɗaura. Wani malamin makaranta a Madina ma ya fara aiko mata da gaisuwa. Ita dai ta ci gaba da aikinta, sai dai yanzu idan ta shiga gida neman yaro, sai ta ja uwar gefe ta yi magana ƙasa-ƙasa.

Wata Asabar tana jera kujeru sai ga Jalilu ya shigo da baƙin mai a farcensa. Ya yi mata sallama. Ya wuce baya ya takure a kan kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana kwaikwayon duk abin da Anti Rabi'atu ta yi da hannu. Yaran suka yi ta dariyar yadda yake rikita akuya da saniya. Da aka tashi Sharifa ta tambaye shi me ya kawo shi, ya ce an hana a kawo Nasiha laburare, amma bai ji an hana a kai mata laburaren gida ba.

Haka ya riƙa barin shago a hannun abokinsa kowace Asabar. Abin da ya koya da safe, da la'asar yana gun Nasiha. Ya fara da ruwa, da shinkafa, da uwa, da kyanwa. Yakan ba Sharifa labari cewa tun ranar da yarinyar ta gane kowane abu yana da suna, ba ta bar shi ya huta ba. Ta ja shi gun murhu, ta ja shi gun famfo, ta nuna jirgin sama da ke wucewa, tana jiran hannunsa. Sharifa ta yi ta tambayarsa me Hajiya ke cewa. Ya ce ba ta cewa komai, amma tana kallo ta wutsiyar ido, carbi na tsayawa a hannunta.

Damina ta zo ta wuce a haka. Ran nan ana tsakiyar tatsuniya, Sharifa ta ɗaga kai ta ga Hajiya Barikisu a bakin ƙofa cikin babban mayafi, riƙe da hannun Nasiha. Ta je ta durƙusa ta gaishe ta. Hajiya ta ce ba wajenta ta zo ba, tambaya ce ta kawo ta. Kwanan nan yarinyar na yi mata wani abu da hannu safe da yamma, ta tambayi Jalilu ya ce wai ya manta fassararsa, sai dai a zo nan. Sharifa ta saci kallon Jalilu a bayan ɗaki, ta ga ya duƙufa yana gyara igiyar takalminsa.

Ta kira Anti Rabi'atu. Nasiha, wadda ta tsaya baki buɗe tana kallon yara masu hira da hannu, ta juyo ta nuna kakarta, ta taɓa kitson kanta, ta ja yatsu daga ido zuwa kumatu, sannan ta yi alama ta ƙarshe tana ɗage gira. Hajiya ta ce ta gane kitso, ta gane hawaye, na ƙarshen ne ya shige mata duhu. Anti Rabi'atu ta kalli Sharifa ta gyaɗa kai, alamar ta faɗa.

"Hajiya, tambayarki take yi. Cewa take, me ya sa kike kuka duk lokacin da kike yi mata kitso?"

Hajiya ta lalubi kujerar da ke kusa ta zauna. Ashe duk shekarun nan da take zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta, a zatonta tunda ta juya mata baya ba ta sani ba, yarinyar kuwa tana jin ɗigar hawayen a wuyanta.

"Ina kuka ne don na ɗauka zan mutu ban gaya mata ina son ta ba," in ji Hajiya. Ta dubi Sharifa. "Yaya ake faɗa?"

Anti Rabi'atu ta kama hannuwanta masu zobba ta nuna mata. Hajiya ta gwada ta kuskure, ta sake ta kuskure, yara suka kewaye ta kowa na gyara mata. Da ta yi daidai, Nasiha ta tsaya tana kallonta, sannan ta mayar mata da irinsa, ta faɗa jikinta. Sharifa ta juya ga kantar littattafai tana goge ido da gefen gyale.

Kafin su tafi Hajiya ta kira ta gefe, ta ce bakin Sharifa ya yi gaggawa a waccan ranar, amma zuciyarta ba ta yi ƙarya ba. Ta ce ta gaya wa mutanen gidansu su saurari baƙi ranar Juma'a.

An ɗaura auren bayan Sallar Layya. A lokacin Nasiha ta fara zuwa makarantar kurame, Fauzia na raka ta, ita ma tana koyo. Hajiya kuwa duk wadda ta zo sayen atamfa ta ji tana da yaron da ba ya ji, sai ta rufa mata asiri ta raɗa mata hanyar Maamobi.

Wanda ke da gaskiya a bakinsa ya nemi inda zai ajiye ta, don idan ta faɗi a inda bai dace ba, sai ta fasa abin da ta zo gyarawa. Sharifa ta yi gaggawa ta sha hawaye, ta yi haƙuri ta sami miji da uwa. Iyaye kuma su sani, ɗan da aka ɓoye don gudun dariyar mutane, shi ma yana da tambayoyinsa, yana nan yana jiran wanda zai amsa masa.