Ki Bari In Ƙarasa

"Haɗa masa kayansa, da shi zan tafi!"

Umma ce ke faɗar haka a tsakiyar falo, ko mayafi ba ta cire ba. 'Yarta, wadda mijinta kafinta ke kira Zuma, ta dafa ƙyauren ɗaki.

"Haba Umma... ina za ki kai shi?"

"Gidana, inda ake magana! Yaro ya doshi shekara uku, ko 'Mama' bai taɓa cewa ba. Sa'anninsa har zagi sun iya, shi kuwa angon nawa sai nuni da yatsa kamar mai ba motoci hannu. Gidana cike yake da jikoki, dole bakinsa ya buɗe. In kin so ki biyo mu, in kin ƙi ki zauna da mai shirun naki."

Kumatu, yaron da ake rigimar a kansa, yana kan darduma yana tura motar katakon da ubansa ya sassaƙa masa. Ya ɗaga yatsa ya nuna kofi. Kafin yatsan ya sauka, Zuma ta kai masa ruwa baki.

Ana haka kafinta ya shigo, garin katako fal a gashinsa. Mutum ne mai in'ina tun ƙuruciya. Tun suna saurayi da budurwa, in kalma ta maƙale masa, Zuma ke cafe ta ta ƙarasa, don kada a yi masa dariya. A haka suka yi aure, a haka suke zaune, kuma su biyun soyayya suke kiran abin.

Ya rusuna. "Umma, b-b-bar..."

"Barka da zuwa yake cewa," in ji Zuma.

"Na ji. Allah ya haɗa, kafinta ya auri tafinta!" Umma ta ɗauki jakarta. "Zan leƙa kasuwa. In dawo in tarar da kayan yaron a ƙulle."

Ƙofa na rufuwa Zuma ta juyo kansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ka ji fa! Ɗanka za a ɗauke, ka tsaya kamar gunki! In na hana, na saɓa wa uwata. In na bari, me ya rage mana a gidan nan? Tun da na haife shi ban taɓa jin ka ce masa kanzil ba. Ka ɗauke shi, ka yi masa kayan wasa, amma bakinka a ɗinke. Abban Kumatu, ka faɗa min gaskiya... ba ka son sa ne?"

Jijiyar wuyansa ta tashi. "Ina ts-ts-ts..."

"Tsanar hayaniya, na sani, amma..."

Ya buga tafinsa a kan tebur har kofi ya kife.

"Ki b-b-bari in ƙ-ƙarasa!"

Zuma ta daskare. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta haɗiye maganarta, ta tsaya kallon leɓunansa suna kokawa da kalmar.

"Ts-tsoro. Ina tsoron ya ɗ-ɗauki bakina. Ranar da kika h-haihu na ji Umma tana cewa, yaro abin da ya ji yake k-kwasa, Allah ya sa kada ya kwaso na ub-ubansa. Na sha d-dariya a duniya, Zuma. Gara ya r-rasa muryata da ya sha irinta."

Ta sulale ta zauna a bakin kujera. Ashe shirun da take ɗauka sanyin zuciya ne, gadin ɗansa yake yi da shi.

Sai maganar likitar asibitin yara ta dawo mata. Matar ta gwada kunnen Kumatu ta ce lafiya lau yake ji. Ta ce a riƙa durƙusawa daidai fuskarsa, a kira masa sunan abin da yake kallo, a nuna masa abu biyu ya zaɓa, sannan a yi shiru a jira. "Wanda ake ba shi kafin ya roƙa, me zai yi da baki?" Ta kuma ce in'ina ba mura ba ce, ba a ɗaukarta ta kunne. Zuma ta ɓoye wa mijinta wannan don kada ta taɓa masa gyambo, sauran kuwa ta raina shi don ba allura ba ne.

Ta kwashe duka ta faɗa masa, ta kama hannunsa mai kantar aiki.

"Masoyina, mu biyu muka rufe bakin yaron nan. Kai ba ka fara masa, ni ba na barin kowa ya ƙarasa."

Da Umma ta dawo ba ta ga ƙullin kaya ba. Surukinta ta gani a gurfane gaban Kumatu, motar katako a hannun dama, ƙwallo a hagu.

"Wane sabon salo ne kuma wannan?"

"Umma, don Allah ki zauna," in ji Zuma.

Kafinta ya ja numfashi, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"K-K-Kumatu... m-mota, ko ƙ-ƙwallo?"

Yaron ya zaro ido yana kallon bakin ubansa, kamar wanda ya ji bango ya yi magana. Ya nuna motar. Ba a ba shi ba. Ya waiga wajen uwarsa, wadda ba ta taɓa barinsa ya nuna abu sau biyu ba. Hannun Zuma ya zabura da kansa, ta maido shi ta zauna a kansa.

Kumatu ya taɓe baki ya ɓarke da kuka.

"Za ku kashe min ango!" Umma ta miƙe. "Ku ba shi abinsa, marasa imani! Ke, kawo min shi!"

"Umma, na roƙe ki... mu jira." Zuma ba ta motsa daga inda take ba.

Kafinta ya tura motar a ƙasa, ya ɗago ta kusa da bakinsa. "M-mota. Mota. Ga m-mota."

Kukan ya tsaya. Yaron ya ja majina, ya motsa leɓe, babu abin da ya fito. Ya sake motsawa.

"...Ota!"

Uban ya danƙa masa motar, ya rungume su tare, kafaɗunsa na girgiza. Zuma ta toshe baki da hannu biyu.

Umma ta koma kujera jagwab. "Ka ji ɗan ƙwal uba! Ni da na sha goyonsa ban samu suna ba, mota ya fara kira!" Ta goge ido da bakin mayafi. "Kalma ɗaya dai ba magana ba ce. Ku ci gaba da kai shi wajen likitar, kullum kuma a yi masa wannan. Kai kuma, da bakinka, wa ya ce ka yi wa ɗanka shiru?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. Zuma ta dubi uwarta. Umma ta daɗe tana kallonsu, can ta tuna abin da ta faɗa ranar haihuwar yaron, ta sauke ido.

"Baki shi ke yanka wuya," ta ce a hankali. "Ka yafe min, ɗana. Yaro na gidan ubansa."

Bayan sun raka ta bakin titi sun dawo, Kumatu na ta "ota, ota" a kan darduma, kafinta ya riƙo mayafin matarsa.

"Zuma... ina s-s-s..."

Ta san kalmar. Tun ranar farko ita ke ƙarasa masa ita tana dariya. Yau ta cije leɓe ta jira, hawaye na bin kumatunta.

"...s-son ki."

Ba ta taɓa jin ta cikakkiya daga bakinsa ba sai yau.