Abin da Ke Bayan Asabari

"Ka goge shi."

Ikilima ba ta yi sallama ba. Tana tsaye a ƙofar shagon da Jafar ya mayar ɗakin tace fim a Mabera, zaren ɗinki maƙale a gefen hijabinta, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

Jafar ya juyo daga gaban kwamfuta a hankali.

"Ikilima... shigo ki zauna mana."

"Ba zama na zo yi ba. Ka hwaɗa min gaskiya, Inna na cikin fim ɗinka?"

Ya kawar da kai gefe.

Duk Sakkwato an san Jafar Darakta da taurin kai. Ba ya sa rawa da waƙa, ba ya aron gidan masu kuɗi, sai ya kwashi kyamara ya shiga lungu. Fim ɗinsa na baya har a mumbari an zage shi. Wannan karon labarin ɗiyar mahauci ya ɗauko, wadda dangin saurayinta suka ƙi saboda sana'ar ubanta, ya sa masa suna Rumfar Fawa. Ikilima ce telar da ke ɗinka kayan 'yan wasa, ita ma ɗiyar mahauci ce. Daga awon riga aka koma awon zuciya, har manya suka shiga, aka kai kayan sa rana.

Saboda wannan ne mahaifinta Alhaji Habibu ya ba shi aron zauren gidansu na Ƙofar Dundaye. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kyamara ta tsaya a zaure, kada ta wuce asabarin da ya raba shi da cikin gida.

"Wallahi ban wuce ba," in ji Jafar. "Ɗan wasa ne ya ture asabarin da kafaɗa, ya maƙale a ƙusa. Sai da na zo tacewa na gani."

"Da ka gani fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Fauziyya ta je har rumfar Baba a kasuwa," in ji Ikilima. "Gaban abokan sana'arshi tac ce mishi, Alhaji, shirya, duniya za ta ga matarka ba mayafi. Baba ya ce gobe za a maido muku kayanku."

Fauziyya ce jarumar fim ɗin, ta ga hoton ne ranar da ta leƙo ɗakin tacewa. Tun ranar da ta ji an sa ranar Darakta da tela take gaishe da Ikilima da baki ɗaya, harara da ido biyu.

"Zuciyata, ki duba shi sau ɗaya..."

"Kada ka zuciyata ni."

"Sau ɗaya. Bayan nan abin da kika ce shi za a yi."

Ba ta ce e ba, amma ƙafafunta suka matso.

Hoton ya motsa. Ga zaurensu, ga ɗan wasa ya fice, ga asabari ya ɗage kamar faɗin tafin hannu. Ta wannan 'yar kafa sai ga Inna Kulu zaune a tabarma, ɗankwalinta ya zame, kaskon turaren wuta a gabanta. Hijabin Ikilima ne a hannunta, ruwan toka ɗin nan na zuwa aiki. Tana juya shi a kan hayaƙi, gefe da gefe, cikin natsuwa. Ta ninke shi. Ta waiga dama da hagu, kamar mai shirin sata.

Sannan ta kifa fuskarta a cikinsa.

Da ta ɗago, leɓunanta suna motsi da addu'a. Babu sauti, amma Ikilima ta ga sunan da bakin ya furta.

Sunanta ne.

Ikilima ce 'yar fari. Tun tasowarta Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "waccan". Ba ta taɓa yabonta gaban mutane ba, ko zazzaɓi take yi sai dai ta aiko ƙanwarta Dije da magani. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ita ma ta sani. Amma sani daban, zuciyar yaro daban. Kullum tana ɗauka Dije ce ke turara mata kaya.

Ta durƙushe a wurin, ta toshe baki da hijabin. Ƙamshin yana nan.

Jafar ya miƙe, ya kai hannu, ya tuna, ya maida shi aljihu.

"Kin ga abin da ya hana ni? Duk fim ɗin nan na yi shi ne don a ga mahauta mutane ne masu zuciya. Na rubuta, na sake rubutawa, ban samu abin da ya kai wannan ba. Shi ne ran fim ɗin, Ikilima."

Ta share ido.

"Na gode da ka nuna min. Har in mutu ba ni mance shi." Ta ja numfashi. "Amma matar nan ta ɓoye abin nan ko ga ni da ta haifa. Kai kuma sai ka kai shi gidan kallo, samari na cin gyaɗa suna kallon kan uwata? Ba naka ba na, Malam Jafar. Ba ta ba ka ba."

"Fim ɗin zai mutu..."

"To shi mutu. Uwa ɗaya gare ni."

Ya dube ta, ya dubi hoton. An rufe masa fim bai tanƙwaru ba, an zage shi bai cire ko kalma ba. Ya tura mata linzamin kwamfutar.

"A'a," ta ce. "Kai ka ɗauka, kai za ka goge."

Ya goge. Ya zaro katin kyamarar, nan ma ya goge.

"Saura Baba," ta ce a hankali. "Shi ba a goge fushinshi da yatsa."

Washegari bayan la'asar Jafar ya zo da kawunsa Abdulhamid. A zauren dai aka shimfiɗa musu tabarma. Alhaji Habibu ya saurare su har ƙarshe yana jan carbi, bai dubi kowa ba.

"Mu mahauta mun saba da reni," ya ce. "A ci namanmu, a ƙi ɗiyanmu. Kai ka zo ka ce za ka wanke mu, munka buɗe maka ƙohwa. Ashe wankin da tsiraici za a yi shi."

"Na yi kuskure, Baba. Ranar da na gani ya kamata in zo."

"An goge, ka ce?"

"Gaban idonta."

"To ni ba ni ka yi wa laihi ba. Mai haƙƙi na ciki. In ta yahe, na yahe. In ba ta yahe ba, ga kayanku can an ɗaure."

Jafar ya waiga wajen asabarin. Inna Kulu ba ta da sauƙin baki. Duk kwanakin ɗaukar fim ta bayan asabarin nan take yi masa tsiya: "Kai ɗan fim, ku rage ihu, kun hana kajina ƙwai." Ya rarrafa ya durƙusa daf da asabarin, kansa a ƙasa.

"Inna, ni ne Jafar. Na ga abin da bai halatta in gani ba, na kuma riƙe shi. Ki yi min faɗa, ki zage ni, amma don Allah ki yafe min."

Ya kasa kunne.

Sai aka ji ƙarar faifai ya faɗi, takun sauri, ƙofar ɗaki ta rufe garam.

Jafar ya runtse ido. Ya juyo, sai ya tarar kawunsa yana danne dariya da hular hannunsa. Alhaji Habibu ma gemunsa na motsi.

Can Ikilima ta fito da kwanon fura, idonta a ƙasa. Ta ajiye a gabansa.

"Inna ta ce a ba... baƙon."

"Ko magana ta ƙi yi min," ya raɗa. "Shi ke nan ko?"

"Kai dai darakta ne kawai." Ta ciji leɓe don kada murmushi ya kuɓuce. "Ɗan fim ake yi wa tsiya. Suruki gudunshi ake yi."

Ya dubi kwanon furar, ya dube ta.

"Sha furarka, yaro," in ji Alhaji Habibu. "Daga yau kai da jin muryarta sai dai daga nesa. Dije, a kwance kayan nan."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Fauziyya ba ta zo ba, ba a kuma neme ta ba.

Inda hoton Inna yake a da, Jafar ya sa asabarin kawai, a sake, hayaƙin turare na fitowa ta ƙasansa, ba magana ba kiɗa. Masu sayen fim suka ce ya haukace, gidajen kallo suka sauke shi da wuri. Amma ɗalibai suka riƙa tura wa juna a waya, suna haddace maganganunsa, suna gardama a majalisa kan abin da ke bayan asabarin. Wasu su ce gawa ce, wasu su ce amarya.

Har yau sukan tare shi a hanya. Ran nan ma wani ya tsayar da su a Ƙofar Taramniya, Ikilima na goye da jaririyarsu.

"Darakta, don girman Allah, mi ke bayan asabarin nan?"

Jafar ya gyara wa 'yarsa hular sanyi, ya dubi matarsa.

"Gidan mutane ne," ya ce. "Ba a leƙawa."