Takunkumin da Na Cire da Hannuna

Da la'asar sakaliya Madam Adaeze ta kira ni.

"Khamis, ka yi haƙuri, na san kana cikin zafi. Kwamfutar ofis ta ƙi aiki. Yau kwana tara da biro muke rubuta takardun kaya."

Ofishin aika kaya ne, nan unguwar Hashimi. Ni na haɗa musu babbar kwamfutar, matata Sa'ida kuma ita ke ɗaukar waya. Kwana talatin da takwas ke nan da tirela ta bi ta kan motar da take ciki a Sabon Wuse ta rasu, wayarta ma ba a tsinci ko murfin ba. Ita kuwa mace ce da ba ta son saƙon murya, sai rubutu. Saboda haka muryarta wuri ɗaya ta rage a duniya, cikin kwamfutar nan da ke naɗar kiran kwastomomi. Na yi wa 'yarmu Ummukulthum alkawarin zan kawo mata muryar Mamanta. Kullum sai in ce gobe, don wallahi zuciyata ba ta iya ɗauka.

Na sa filashin da zan kwafi muryar a aljihu na tare keke.

Ana shirin kiran magariba na isa. Ma'aikata sun tashi. Madam ta miƙo mini makulli ta ce tana shagon gaba.

Ɗakin na warin kwali da ƙurar buhu. Kujerar Sa'ida na nan yadda ta bar ta, da ɗan matashin da take jingina bayanta. Na kau da kai.

Na umarci injin ya tada shirin buga takardu. Ya ƙi. Na gwada wani, shi ma ya ƙi. Amsa ɗaya yake maimaita mini: an sa wa tushen faifai takunkumi. Tushen nan a kansa komai yake zaune, in aka rufe shi ba shirin da zai tashi. Na leƙa, na ga ɗan fayil ɗin da ya yi rufin, an ɗaure sunan tushen da wurin da babu komai. Kwanan watansa kwana tara da suka wuce.

Haba, wannan ai aikin minti biyu ne. Mu masu gyara muna da wani hali, ba ma iya kallon abu a lalace. Na ce bari in gyara tukuna, sannan in kwafe muryar a natse.

Na goge fayil ɗin. Na sake dubawa.

Yana nan.

Na ce ko yatsana ne ya kuskure. Na sake gogewa, a hankali, harafi bayan harafi. Ya ɓace. Ina kallo ya dawo.

Fankar silin ta rage gudu, alhali akwai wuta. Daga nan ƙamshi ya iso ni. Humra ce, wadda Sa'ida ke haɗawa da kanta a kwalbar magani.

Kujerar ta yi ƙara a bayana. Ƙiiit. Irin ƙarar da take yi in mutum ya jawo ta kusa.

Ban waiwaya ba.

Na ɗora yatsu a kan madannai. Wani sanyi ya sauka a bayan hannuna na dama, mai nauyi, kamar an ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma.

"Abban Ummu."

Raɗa ce, dab da kunnena.

"Bari."

Ladan ya ɗaga murya a masallacin layi. Na san matattu ba sa dawowa, tun ina yaro na sani. To wane ne wannan da ya ari muryar matata yana wasa da ni da magariba? Tsoro ya juye ya zama haushi. Na fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, hawaye na zuba, na fizge hannuna. Na goge fayil ɗin, na umarci injin ya sake karanta komai, na buga madannin kafin abin ya dawo.

Sanyin ya sake ni.

Shirye-shirye suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Firinta ta yi tari. Har na ce alhamdu lillahi.

Sai na ga layi na ƙarshe. Mai shara ya tashi.

Ni na rubuta shi da hannuna, ɗan shirin da ke goge duk kiran da ya kwana talatin. Ni arba'in nake ta ƙirgawa, ta sadaka. Talatin ba ta taɓa faɗo mini a rai ba. Takunkumin nan ran kwana ashirin da tara aka sa shi, saura kwana ɗaya a share kiran ranarta ta ƙarshe.

Na kai hannu ga soket. Kafin in zare, allon ya rubuta an gama.

A bayana aka ja dogon numfashi, irin wanda take ja in na ɓata mata rai. Kujerar ta koma baya. Ƙofa ta fara rufuwa da kanta.

Da kafaɗa na bangaje ta. Ban san yadda na tsallake kwata ba, sai ganina na yi a ƙasa gaban shagon, takalmi ɗaya, Madam na yayyafa mini ruwan leda tana kiran sunan Yesu.

Daga baya na karɓo faifan kwamfutar, kwana uku na yi da shi a gida ina tonon muryar. Sababbin takardun kaya sun riga sun hau kan wurin da take.

Limaminmu ya ce aljani ne, in riƙa azkar. Ban musa ba. Amma ko wane ne, kwana tara ya yi yana tsare mini abin da ni na kasa zuwa in ɗauka. Kwamfutar ba ta sake ƙin aiki ba, ƙamshin ma bai dawo ba. Na koma da magariba har sau biyar, na zauna kusa da kujerar ina jira.

Jiya Ummukulthum ta laluba aljihuna ta zaro filashin. Ta kanga shi a kunne tana saurare.

"Abba, ba ta magana."

Na ce mata eh, ba ta magana.