Gidan Zanzaro a Na'urar Gwajin Jini

Ranar Laraba aka saki Bamanga mai walda, aka tsare Zaharadeen, mai ɗakin gwajin jini a unguwar Dawaki da ke Gombe. Maganar ta faro ne daga rasuwar Suwaibatu, matar Bamanga, wadda aka kawo asibiti daga Kagarawal huhunta na dama ya sace kamar tayar keke. Ta cika kafin la'asar. Yayanta ya kai ƙara cewa dukan miji ne ya kashe ta, aka kama Bamanga, aka miƙa binciken ga Sufeto Theresa.

An riga an binne mamaciyar tun ranar, don haka Theresa ta nemi Nana Hadiza, tsohuwar da ta yi mata wanka.

"Mama, kin ga tabo a jikinta?"

"Ko ƙwarzane babu, 'yar nan. Na juya ta dama da hagu."

"To ciwon ƙirjin fa?"

"Duk wata ne. Mu matan gidan mun sani, da ta shiga fashin salla sai numfashi ya gagare ta. Amma wa zai tsaya gaban namiji ya faɗi wannan?"

Bamanga bai ɗaga kai ba da aka fito da shi gaban Theresa.

"Ranki ya daɗe, watan jiya ni na kai ta asibiti. Aka tura mu gwajin jini a Dawaki, aka ce lafiya lau. Suka ba ta maganin asma."

Likitan da ya duba ta, Dakta Matiyu, ya yi bayani a gajarce. Akwai cutar da naman cikin mahaifa ke tsirowa a wani wuri, wani lokaci har ƙirji. Idan al'ada ta zo, iska kan taru ta danne huhu. Akwai kuma wani sinadari da yakan hau a jinin masu cutar.

"Da ƙyar ta gaya mini ciwon yana bin al'adarta. Na yi zargi, na tura ta gwaji waje, tunda ɗakin gwajinmu babu kayan aiki. Sakamako ya zo ƙasa."

"Sai ka yarda da takarda, ka bar maganarta," in ji Theresa.

Bai musa ba. Ya ce gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma ya san haka.

Theresa ta sa aka kai ragowar jinin da aka ɗiba ranar rasuwar wani ɗakin gwaji dabam. Sinadarin ya fito sama ƙwarai. Matiyu ya daɗe yana kallon sakamakon.

"Da wannan na gani, da ban sallame ta ba."

A Dawaki, Zaharadeen ya tarbi Theresa cikin farar riga mai guga. Ta naɗe hannun rigarta.

"Ɗebi jinina. Gwajin da ka yi wa Suwaibatu nake so, a gabana."

"Madam, babu wuta."

"Ga janaretonka can yana jan fanka."

Ta yaye zanen da ya lulluɓe na'urar, ta ɗaga murfin. A daidai inda ake jera kwalaben jini, zanzaro ya gina gidansa na laka, ya bushe, 'ya'yan ma sun fasa sun tafi.

"Zanzaro ba ya gini inda ake aiki," in ji ta. "Mai wanka ba ta ga duka ba. Ciwon yana bin wata, ba ya bin fushin miji. Jinin mace ɗaya ya ba da amsa biyu, ɗaya daga na'urar da ba ta tashi. Yaushe ta lalace?"

Ya zauna.

"Tun damina. Yawancin mutane lafiyarsu ƙalau ce ai. Abin da aka saba gani nake rubutawa."

"Jinin fa?"

Ya nuna magudanar da ke bayan shagon.

Bamanga ya koma Kagarawal ya tarar an gama zaman makoki ba da shi ba. Yayan matar bai zo ba shi haƙuri ba. Dakta Matiyu yana nan bakin aikinsa.

Zaharadeen ya ce bai riƙe sunayen waɗanda ya rubuta wa sakamako ba. Har yau ba a san matan Gombe nawa ke ajiye da takardarsa mai cewa lafiyarsu ƙalau ba.