Shekarar da Shanu Suka Sauko Ba Ado

Ranar da Severin ya fara ganin Burgi, tana tsaye a ƙofar shagon sansanin hutu na bakin tafkinmu, riƙe da tiyo, ruwa na ta zuba a kan takalminta ba ta ma sani ba. Ya ajiye kwandon cuku da man shanun da ya kawo, ya kashe famfon, ya gaishe ta. Ta dube shi kamar mai duban bango, ta ce ya sa kayan a firij.

Sati uku ke nan da binne babanta, Alois. Shi ya kafa sansanin da hannunsa, filin tanti saba'in, lilon yara, da gadar katakon da ake tsalle daga kanta a faɗa ruwa. Yana cikin yi wa gadar fenti zuciyarsa ta tsaya. Baƙin bazara kuwa suka zo kamar kullum, da yaransu da kekunansu.

Burgi ba ta yi kuka a coci ba, ba ta yi a maƙabarta ba. Ta nuna wa baƙi filinsu, ta sayar da burodi, ta yi murmushi inda ake murmushi. Ba baƙin ciki take ji ba. Ba ta jin komai ne.

Shi Severin makiyayi ne. Daga Yuni zuwa Satumba yana can makiyayar kan dutse da shanun gidansu, Talata da Juma'a kawai yake saukowa da cuku. Ba gwanin magana ba ne, shi ya sa ya koma tura mata saƙo ta waya.

"'Yar tafki, daga nan sama tantunanku kamar an shanya wanki. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Saniyar nan Enzi ta cinye mini hula. Ina neman wadda za ta tausaya mini."

"Sannu."

Wani da tuni ya haƙura. Shi kuwa wannan "sannu" ɗin ya karanta ta ya fi sau ashirin, har da karanta wa saniyar.

Wata Juma'a a watan Yuli ya same ta zaune a ƙarshen gadar, inda fentin babanta ya tsaya rabi. Ya zauna, ya daɗe yana murza hula, sannan ya ce yana son ta, kuma da aure.

Ta ce, "Severin, kada in cuce ka. Tun da Baba ya tafi ba na jin komai. Ko kai ban san ko ina son ka ba."

"Ba komai, 'yar tafki. Nawa ya ishe mu mu biyu kafin naki ya farfaɗo."

Mama Zenzi, mahaifiyar Burgi, da ta ji labari ta ce ba da ita ba. Ba wai ta ƙi yaron ba ne. Amma me za a yi da surukin da ke kan dutse daidai watannin da sansani ke neman hannu? Ga Clemens, wanda iyayensa suka shekara ashirin suna zuwa daga Vienna suna kafa tanti a fili na sha biyu. Bana shi ya gyara musu komfuta, shi ya yanka ciyawa, ya kuma nuna yana ciki. Mutumin kirki ne, wannan ba wanda zai musa.

Mama Zenzi ta ce ranar saukowar shanu daga dutse, ranar da ake rufe sansani, Burgi za ta ba Clemens amsa. Burgi ta ce to. Da an ce ta auri gadar katakon ma, to ɗin za ta ce.

Ta rubuta wa Severin: "Ranar saukowar shanu zan ba Clemens amsa. Ka daina wahalar da kanka."

Bai amsa ba. Talata babansa ne ya kawo cuku, Juma'a ma haka. Burgi ta ɗauka ya haƙura. Ta duba zuciyarta ko za ta ji zafi, ta tarar da shiru, sai dai ta lura tana yawan duba wayar.

Kowa a nan ya san yadda shanu ke saukowa. Idan bazara ta wuce lafiya, ana ɗaura musu kambin furanni da ƙananan madubai, kambin da matan gida ke shafe makonni suna haɗawa. Idan kuwa saniya ta faɗa rami, ko an yi rashi a gidan masu shanun, haka za su sauko kai tsirara. Ba makiyayin da ke son a gan shi a gaban irin wannan garke.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Baƙi suka jeru a bakin hanya, yara a kan wuyan iyayensu. Garken farko ya wuce da ado, na biyu ma haka, ana ta tafi. Burgi na tsaye a ƙofar sansani tsakanin Mama da Clemens.

Sai ga garken su Severin. Ko fure ɗaya babu. Tafi ya mutu, ba ka jin komai sai ƙararrawar wuyan shanu.

Mama Zenzi ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin gani ko? Ko shanun ma bai iya riƙewa ba."

Tsoho Veit, abokin marigayi Alois, ya shiga ƙirga su da sandarsa. Talatin da takwas suka hau, in ji shi, ga talatin da takwas sun sauko. Mutane suka fara waige-waige, to wa ya rasu? Ga baban Severin, ga mamarsa a bayan garke, ga ma kakarsa a kan tarakta tana cin tuffa.

Severin ya tsai da garken a ƙofar sansani. Ya cire hula ya tsaya gaban Mama Zenzi.

Ta ce, "Yaro, wa kuka rasa?"

"Baba Alois, Mama. A gidanmu aka yi rashi bana, ba za mu yi ado ba."

Mamarsa ta matso ta ce kambin na nan a rumbu, an gama su tsaf. Sati biyu Severin ya yi yana roƙon babansa, daga ƙarshe duk gidan suka yarda a bar su a ajiye.

Burgi ta dubi Enzi, saniyar gaba, ba komai a kanta. Wata huɗu kowa na ce mata ta yi haƙuri, baƙi na jira. Yau ga gida guda sun yarda a yi musu kallon masu asara a gaban gari saboda babanta. Ta kama wuyan saniyar ta fashe da kuka, irin mai sauti, mai majina, a gaban baƙi da kyamarorinsu. Ba wanda ya ce ta yi shiru.

Da ta samu numfashi ta ce, "Makiyayina, akwai zafi."

"Na sani, 'yar tafki. Sannu da dawowa."

Clemens bai jira amsa ba, ya riga ya gan ta. Ya miƙa wa Severin hannu, ya tafi naɗe tantinsa.

Mama Zenzi ta share ido da gefen riga, ta ce to bazara fa, wa zai taya su aiki? Severin ya ce zai riƙa saukowa Talata da Juma'a. Ta ce ya ƙara da Lahadi, kuma akwai gadar da ke jiran fenti.

A watan Mayu aka ɗaura auren, a ƙaramin cocin da ke bakin tafki. Tsoho Veit ne ya riƙo hannun amarya, aka bar kujera ɗaya a sahun gaba ba kowa a kai. Gadar ta sha fenti har ƙarshe, sai dai ango ya bar layin da buroshin Alois ya tsaya, ana ganinsa har yau.

Da Satumba ta zagayo, shanu talatin da takwas suka sauko da ado har ba a ganin ƙahonninsu. Mama Zenzi ce ta haɗa kambin Enzi da hannunta. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa a daɗe ba a ga garkensu ba ado ba.